Kunfu a Can, Kokawa a Nan: Ƙarfin Yau da Gobe

 

Ina gaida mutanen Magarya da kewaye. Ina gaida Bande da Washa, da Kwaya da Yekuwa da Sassumburum. Ina gaida Dungas da Dogo-Dogo, da Gushi da Malawa. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, na Ɓaure da Babura da Maigatari, in muryar nan tana isowa gare ku, ku ma barkanku. Inna da ke tankaɗe, ɗan matso da rediyon kusa. Baba da ke kan tabarma, a gyara zama. Samarin fada, ku rage wa shayin nan wuta, don yau maganar ta fi shafar ku.

Maganar ƙarfin jiki za mu yi. Za mu fara da ƙasar Sin, mu leƙa makarantar da ake koyon kunfu. Daga nan mu dawo gida, mu shiga fagen kokawa. Can gaba kuma mu duba abin da unguwa guda za ta iya yi da hannunta, ba tare da ta jira kowa ba.

To, bismillah. Mu fara da abin da kowa ya sani, wato fim ɗin Canis.

Lokacin da muke yara, akwai gidan kallo a unguwarmu. Dala biyar ake biya a shiga. In an sa fim ɗin Canis, wurin zama ma sai an yi sa'a. Da an tashi, kowane yaro ya zama gwani. Wannan ya kai ƙafa sama, wancan ya yi ƙara, wani ya kama sanda yana juyawa. Wata rana wani abokina ya hau katanga, ya ce zai diro kamar yadda ya gani. Ya diro. Hannunsa ya karye. An kai shi wurin maɗori, an ɗaure, amma ƙashin bai koma daidai ba. Har yau da hannun nan a tanƙware yake riƙe hauya. Duk lokacin da na gan shi sai abin ya taɓa min zuciya. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa abin da muka kalla cikin minti biyu, shekaru aka yi ana gina shi.

Shekaru fa, jama'a. Bruce Lee da kuka sani, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32, bai faɗo daga sama ba. Tun yana matashi a Hong Kong ya durƙusa gaban wani dattijon malami mai suna Ip Man. Jackie Chan kuwa, tun yana ɗan yaro aka kai shi makarantar horo ta kwana. Shekara goma ya yi a can, ana tada shi tun duku-duku. Fim yana nuna mana faɗan. Ba ya nuna mana shekarun.

Kalmar kunfu ɗin ma, ku saurara da kyau, asalinta ba faɗa take nufi ba. A harshen mutanen Sin, ma'anarta gwanintar da mutum ya samu da daɗewa da wahala. Mai dafa abinci in ya ƙware, sai su ce yana da kunfu. Mai rubutu in hannunsa ya faɗa, yana da kunfu. Ashe ke nan maƙerin da ke kasuwar Magarya, wanda ke duban jan ƙarfe ya san lokacin bugu ya yi, yana da nasa. Mai ginin rijiya yana da nasa. Ke ma Inna, da kike kirɓa fura shekara talatin ba ta taɓa yi miki gudaji ba, kina da naki. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. To, yau da goben nan ita ce kunfu. Ku riƙe wannan kalma, yau da gobe, don za mu yi ta komawa gare ta.

Yanzu mu shiga makarantar, mu ga yadda take.

Wadda ta fi suna ita ce ta Shawolin, a lardin Henan, gindin wani dutse da ake kira Song. Wurin ibada ne na mabiya addinin Buda, an gina shi wajen shekarar 495 miladiyya. Kun ga ya haura shekara 1500. Yau garin Dengfeng da ke kusa da shi cike yake da makarantun horo, yara dubbai suna kwana suna tashi a cikinsu. Amma ba waɗannan manyan nake so mu duba ba. Ƙananan nake so, irin na cikin unguwa. Tsakar gida guda, dattijo guda, almajirai ashirin ko talatin.

Malamin suna ce masa shifu. Kalmar ta haɗa abu biyu, malami da uba. Wanda ya riga ka shiga makarantar, ko da ka girme shi, wanka ne. Wanda ya zo bayanka ƙanenka ne, kuma kula da shi na wuyanka. Wanda ya yi karatun allo ya riga ya gane. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan ga malam a zaune. Gardi ke biya wa kolo. Haka abin yake a can.

Sabon shiga ba a fara shi da naushi. Ana fara shi da tsayuwa. Suna kiranta tsayuwar doki. Ka buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa. Ka lanƙwasa gwiwa, ka sauko kamar mai zama kan sirdi, amma babu sirdi, babu doki. Baya a miƙe. Ka tsaya a haka. Mai saurare, in kana da lafiyar gwiwa, tashi ka gwada yanzu, muna jiranka. Kafin minti guda za ka ji cinya tana rawa. Almajiri yakan yi watanni yana wannan. Dalili? Ginin da ba shi da tushe, damina guda ke kada shi. Ɗan kokawa ya fi kowa sanin haka, don wanda ƙafarsa ba ta kafu ba, taɗiya guda ta ishe shi.

Bayan tsayuwa sai jerin motsi. Su suna cewa tawlu. Motsi ne a jere, wannan na bin wancan, ana haddace su kamar yadda ake haddace karatu. A yi yau, a maimaita gobe, a sake jibi. Har jiki ya riƙe, ba sai kai ya tuna masa ba. Kafin a fara, da bayan an gama, akwai gaisuwa. A dunƙule hannun dama, a rufe shi da tafin hagu. Abin ya yi kama da jinjinarmu. Amma ku lura, nasu dunƙulen a rufe yake. Ƙarfi na nan, amma an sa masa murfi.

Na san wani dattijo yana can yana cewa, “To malam, wannan ba harkar masu bautar gumaka ba ce?” Baba, tambayarka tana kan hanya. Mu muna da addininmu, kuma ba ibadar kowa muke zuwa ara ba. Amma bari in ba ka labari. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, kuma sun daɗe da nasu salon kunfu. Akwai wanda ake kira Cacuwan, wanda aka san Musulmin ƙabilar Huwi da shi. Ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙarnin da ya wuce, Wang Ziping, Musulmi ne. An haife shi a 1881 a garin Cangzhou, ya rasu a 1973. Kuma abin da ya fi burge ni game da shi, bayan koyar da horo, maɗori ne. Yana gyara karaya da targaɗe. Haka ma Wong Fei-hung, wanda aka yi finafinai masu yawa a kansa, gidan magani gare shi a birnin Guwanju. Hannun da ya san inda ƙashi ke karyewa, shi ya san inda ake ɗora shi. Makaranta ta gaskiya ba ta sakin yaro da rabin sani, irin wanda ya sa abokina hawa katanga.

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan makarantar kunfu ta ƙasar Sin, da abin da za mu iya tsinta a cikinta. Mun ce kunfu yau da gobe ce. Mun ce akwai malami, akwai wa, akwai ƙane. Yanzu mu juyo gida.

Mu ba baƙi ba ne a harkar ƙarfi. Ko kusa.

Ku tuna da kaka. An yanke gero, an ɗaure damma, an kai rumbu. Ciki ya cika, hankali ya kwanta. Farin wata ya fito. Sai ka ji ganga daga ƙauyen da ke gaba. Samari su ɗaura walki, su bi sawun kiɗa. A zagaye fili. Mata na guɗa, dattawa na gefe, yara na kutsawa ta tsakanin ƙafafu. Ɗan kokawa ya fito ya yi kirari, ya kira sunan garinsu, ya kira na ubangidansa. A kama. A yi ta neman ƙafa, a yi ta neman ƙugu. Can sai ka ji fili ya ɗauki ihu, an yi kaye. Wanda ya kayar ya miƙa hannu ya tada wanda ya faɗi. Gobe a haɗu a kasuwa a sha fura tare.

Wannan abin namu ne. Tun kafin a ja iyaka tsakanin Magarya da Babura ake yin sa. Kuma ƙasarmu ta ɗaukaka shi. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi, wato kyautar da ake ba zakaran gasar. Sunaye suka biyo baya, irin su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da namu Langa-Langa na Damagaram, wanda filin kokawa na birnin Zinder ke ɗauke da sunansa. Kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, su tamanin ke nan, takobi kuwa guda ne. A ƙarshen watan Disamba na 2023, a Agadas, Kadri Abdu na Doso, wanda kowa ya sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida. Kun san yadda gari ke zama ranar wasan ƙarshe. Kasuwa takan yi tsit. Mai kabu-kabu ya jingine babur. Kowa kunnensa na jikin rediyo, ko idonsa na kan talabijin.

Ga dambe, da hannu naɗe da zare, da kalangu na tashi. Ga langa, wadda yaro ke riƙe ƙafa guda yana tsalle da guda. Wanda ya yi langa yana yaro, ya riga ya yi rabin tsayuwar doki bai sani ba. A waje ma 'ya'yan ƙasar nan sun nuna kansu. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani, a wasannin Olamfik na Munich, 1972. Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa a taikwando, a Riyo, 2016, shekara guda bayan haka kuma ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

To, in haka ne, me ya rage mana? A nan nake so mu daɗe kaɗan, don nan ne zuciyar shirin.

Kokawarmu ta ƙauye tana da lokaci. Ta kaka ce. Da an ci kaka, sai fage ya watse. Samari su ɗauki jaka su tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Libiya da Aljeriya. Waɗanda suka rage a gida, daga watan Janairu har faɗuwar ruwa, me jikinsu ke yi? Zaman fada. Shayi na farko, shayi na biyu, shayi na uku. Ni ba na zagin fada. A fada ake jin labari, a fada ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa. Amma jikin ɗan shekara ashirin kamar ingarman doki ne. In ka ɗaure shi wata biyar ba sukuwa, ko ya lalace, ko ya tsinke igiya.

Wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Maki ta fitar a 2021, mai suna Zinder, ya ga abin da nake faɗa. Ta shiga unguwar Kara-Kara, ta nuna samarin da ake kira 'yan fale. Suna ɗaga ƙarfe, ƙirji kamar bango. Himma tana nan. Haɗin kai yana nan. Su da kansu suka haɗa kayan horonsu. Ni da na kalla, ban ga 'yan banza ba. Na ga ƙarfi ne wanda ya rasa aikin yi, ya kuma rasa dattijon da zai tsaya a kansa. Kada mu ce wannan matsalar birni ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum sama da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sama da dubu 350. Yau mun fi haka nesa ba kusa ba, kuma mafi yawanmu yara ne da matasa.

Abu na biyu, fagenmu na gwanaye ne. Mutum biyu ke kamawa, ɗari biyar na kallo. Yaron da bai da ƙirar kokawa, an kada shi sau biyu an yi masa dariya, shi ke nan ya koma ɗan kallo har abada. Mace ba ta ciki. Dattijo ba ya ciki. Shi kansa ɗan kokawar, ranar da ya ajiye walki, sau da yawa ranar ya ajiye motsa jiki. Bayan shekara goma ka gan shi da tumbi, gwiwa na ciwo, likita na cewa hawan jini.

A makarantar kunfu ta unguwa ba haka ba ne. Kowa yana cikin sahu. Mai ƙarfi da marar ƙarfi, duk motsi ɗaya suke yi, kowa gwargwadon iyawarsa. Ba lallai ka kada kowa ba. Abokin karawarka shi ne kai na jiya. Kuma ba a yin ritaya. A biranen ƙasar Sin, da sassafe za ka tarar da tsofaffi maza da mata a filayen shaƙatawa, suna wani salo mai taushi da ake kira taici. Motsi ne a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa. A 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Likitoci kuma sun tabbatar yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa, ya rage musu yawan faɗuwa. Wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka ni ra'ayina, ba naushin Canis muke bukata ba. Muna da kamu, muna da taɗiya, muna da langa. Abin da ya kamata mu ɗauko shi ne yau da gobe. Fage ya zama makaranta. A buɗe shi rani da damina. A buɗe shi ga kowa.

Wani zai ce, “Mu da ke noma, wane motsa jiki kuma?” Gaskiya ne. Mai huɗa da damina, da mai ban ruwan rake a fadamun Korama wajen Bande da Washa, da matar da ke daka tana jan guga, ba su rasa aiki ba. Amma aikin gona sunkuye ake yin sa, gefe guda yake ci. Shi ya sa ciwon baya ya yi mana yawa. Irin waɗannan miƙa jiki suke bukata da warware gaɓoɓi. Sannan ku dubi sauranmu. Mai shago yana zaune daga safe har dare. Tela yana zaune. Ma'aikacin ofis yana zaune. Inda dā ake takawa da ƙafa, yau babur ake hawa, ko da zuwa masallacin unguwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. In ka raba, minti 30 ne a kwana biyar. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa, minti 60 kowace rana. Zan maimaita. Babba, minti 30, kwana biyar a mako. Yaro, awa guda kullum. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Yana kuma gyara barci.

Mun zo kashi na gaba, jama'a. Yaya unguwa za ta fara?

A fara da neman malami. Kuma ba sai an je nesa ba. Kusan kowane ƙauye a ƙasar Magarya da Dungas yana da tsohon ɗan kokawa. Yana nan zaune a gindin bedi, ba wanda ke tambayarsa komai. A kansa akwai sanin da ba a rubuta ba. Ya san yadda ake kafa ƙafa. Ya san yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Samari, ku tashi ku same shi. Ku durƙusa ku ce, “Baba, mun zo ka koya mana.” Ku ga yadda fuskarsa za ta canza. Amma a zaɓa da kyau. Ba kowane mai ƙarfi ne malami ba. A nemi wanda ba ya zagi, ba ya shaye-shaye, wanda uba zai iya barin ɗansa a hannunsa ya tafi kasuwa hankali kwance. In akwai mushen lakwal mai koyar da wasanni, a haɗa su. Ɗaya ya kawo na gargajiya, ɗaya ya kawo na zamani.

Sai a sanar da mai gari da liman. Abin da aka fara a ɓoye, zargi ke bin sa. Fili kuwa, Allah ya hore mana yashi. A share, a tsince ƙaya da kwalba da ƙusa. A yi gayya rana guda an gama.

Lokaci shi ne bayan sallar asuba, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. A watannin bazara, Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40. Kada kowa ya yi horo da tsakar rana. A zo da ruwa, a sha kafin ƙishi ya kama. Da azumi a sassauta, a mayar da shi bayan an sha ruwa. Kuma lokacin nan kada ya motsa. Ko mutum uku suka zo, a yi. Ranar da aka ce yau mu kaɗan ne, a bari sai gobe, ranar makaranta ta fara mutuwa.

Kada a fara da kamu. A fara da ɗumama jiki, minti goma. Ɗan gudu, juya wuya, juya kafaɗa, juya ƙugu. Jiki kamar fata yake a hannun dukawa, sai an jiƙa ta take tanƙwaruwa. Sai tsayuwa. Sai langa. Sai koyon faɗuwa. Ina roƙon malamai, ku koya wa yaro faɗuwa kafin ku koya masa kayarwa. Ya san yadda zai naɗe haɓa, kada ƙeya ta bugi ƙasa. Ya san ba a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Sai can ƙarshe a yi kamu, kuma a haɗa tsara da tsara, nauyi da nauyi.

Doka guda nake so kowace makaranta ta kafa tun ranar farko. Wanda ya kai abin da ya koya cikin faɗan unguwa, ko ya ɗaga hannu a kan matarsa ko ƙanensa, a dakatar da shi. A gaban kowa. Sai ya je ya ba da haƙuri kafin ya dawo sahu.

Yanzu ƙannena samari, ku matso, wannan taku ce. Tiramol. Na san ana cewa yana sa ƙarfi, yana kashe gajiya. Ba ya sa ƙarfi. Maganin ciwo ne mai tsanani, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Abin da yake yi, yana toshe maka jin ciwo. Jijiya na yagewa, kai ba ka sani ba. In an yawaita shi yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi, kuma yana kama mutum ya kasa bari. Wanda ya riga ya shiga, kada a kore shi kamar kare. A jawo shi, a raka shi wurin likita, a ba shi wuri a sahu. Ƙarfin gaskiya yana cikin tukunyar gidanku. Fura da nono. Wake da ƙosai. Ƙuli-ƙuli, riɗi, zogale. Duk ƙasarmu ke ba da su.

Sai maganar tsaga. Ba zan shiga tsakanin ɗan kokawa da layarsa ba, wannan shirin wata rana ne, kuma malamai sun fi ni bakin magana. Amma reza guda ga mutum biyar, wannan kam a daina. Ta nan ciwon hanta da sida ke ratsawa daga jini zuwa jini. Haka kuma, in yaro ya bugu a kai, ya yi amai, ko jiri ya kama shi, ko ya rikice bai san inda yake ba, wasa ya ƙare masa ranar. Kada a zuba masa ruwa a ce tashi, kai namiji ne. A kai shi asibiti.

Ban manta da ku ba, iyayena mata da ƙannena 'yan mata. Ba wanda ya ce ku fito dandali. Tsakar gida guda mai faɗi ta isa. Ku da kuke haɗuwa don adashi kowane mako, ku ƙara minti ashirin a kai. A rufe ƙofa, mace ta jagoranci mata. A miƙa hannu, a juya ƙugu, a tashi a zauna sau goma, a taka a zagaya. Mai juna biyu ta fara tambayar ungozoma ko malamar asibiti a wurin awo. Maigida, in ta nemi izini, ka ba ta. Lafiyarta ce lafiyar gidanka.

Baba da Inna masu shekaru, ga naku, kuma yau za ku iya farawa. Ku tsaya kusa da bango, ku dafa shi da hannu guda. Ku ɗaga ƙafa guda kaɗan daga ƙasa. Ku ƙirga goma. Ku sauke, ku canza ƙafa. Sau uku kowace ƙafa, safe da yamma. In jiri ya zo, a zauna. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Jika ya tsaya a gefe yana ƙirgawa. Bayan wata guda, ku gwada da yatsa biyu kawai a jikin bangon.

Lokaci ya cimma mana, jama'a. Duk unguwar da ta share fili ta fara, ku aiko mana da saƙo, ku faɗa mana sunan garin da ranar da kuke haɗuwa, mu sanar a nan, don maƙwabta su ji su zo. Tsofaffin 'yan kokawa na Magarya da Dungas, ƙofar gidan rediyon nan a buɗe take gare ku, muna so mu ji yadda aka koya muku tun farko, da wanda ya koya muku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.